Daga Dutse zuwa Jidda: Awa nawa alhazanmu ke yi a sama?

Idan lokacin jigilar maniyyata ya zo, gidaje da yawa a Birnin Kudu da Gwaram ba sa samun barcin kirki. An raka Baba ko Inna, an ji labarin jirgi ya ɗaga, sai kowa ya tasa waya a gaba yana jiran kira. Ɗan makarantar gidan kuwa shi ake juyowa a tambaya: "Kai da ka yi boko, yaushe za su sauka?"

Lissafin ba shi da wuya. Tsakanin filin jirgin sama na Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin mulkin Sule Lamido, da birnin Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe. Babban jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 850 a awa ɗaya. Raba 3,400 da 850, ka samu awa 4. Ƙara lokacin hawa sama da na saukowa, tafiyar ta kama awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Inda ake yawan rikicewa shi ne agogo. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. Dutse na kan digiri 9 gabas, Jidda na kan 39, bambancin digiri 30 ke nan, wato awa biyu cif. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen 2:30 a agogonmu, amma a can 4:30 ce, asuba ta kusa. Saboda haka idan aka ce maka sun sauka huɗu da rabi, kada ka ce sun yi awa shida da rabi a sama. Malaman labarin ƙasa sun sha koya mana wannan a sakandare, mu ne dai muka ɗauka na jarrabawa ne kawai.

Sai dai jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Ɗora zare a kan taswira daga Dutse zuwa Jidda, za ka ga ya ratsa Chadi, ya bi ta arewacin Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Najeriya suka riƙa kewayawa. Tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi gab da fara jigila. Manomin Gwaram da ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera, rikicin Khartoum ya taɓa shi har aljihu.

Wannan hanya ta Sudan ita ce kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, suna yada zango su yi noma ko ƙodago don samun guzuri kafin su kai gaɓar teku. Wasu sai da suka shekara da yawa a hanya, wasu ma can suka zauna. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu shaida ne, har yau ana jin Hausa a cikinsa.

Don haka kafin ka ba mutanen gida amsa, tambayi jami'in alhazai abu biyu: Jidda za a sauka ko Madina, kuma ta wace hanya jirgin zai bi.