INA ZA MU SAMI IRIN GINDIN LEMU A ƘASAR SANYI?

Ƙungiyoyinmu na kan tudun Jos da na Mambila sun sha yi mana tambaya ɗaya: muna so mu kafa lambun lemu, amma ƙasarmu da sanyi. Wane irin gindi za mu shuka, ina kuma za mu samo ƙwayarsa? Tambayar tana da nauyi, gama lemu yakan yi shekara 3 zuwa 5 kafin ya fara biyan wahala. Wanda ya yi kuskure wajen ƙwaya ba zai sani ba sai ya sha ban ruwa shekaru.

MENE NE GINDI?

Lemu ɗan aure itace biyu ne a jiki ɗaya. Na sama shi ne idon da aka yanko daga lemun zaƙi ko tanjarin mai kyau. Na ƙasa shi ne gindi, wanda aka shuka daga ƙwaya. Gindi ne ke shan ruwa da taki, shi ke fama da ciwon ƙasa. In gindi ya kāsa, na sama ya tafi, kome kyaunsa.

SANYINMU DA NASU BA ƊAYA BA NE

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, kamar Japan, gindin da suka dogara da shi shi ne turaifoliyata, wato lemu mai ganye uku-uku. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. Yana da ƙaya, yana kakkaɓe ganye da ɗari, yana jure sanyin da zai kashe sauran lemu. Daga gare shi aka haɗa waɗansu iri a Amurka: Suwingil a 1907, da Turoya a 1909, da ɗan'uwansa Karizo.

Amma Jos tana wajen mita 1,200 ne bisa teku, Mambila kuma ta ɗara haka. Da hunturu dare yakan sauko kusa da digiri 10. Wannan yana rage saurin girman lemu, amma ba ya kashe shi. Har ma alheri ne, don sanyin dare shi ke sa ɓawon lemu ya yi ja sosai, ba kamar na ƙasar zafi da ke nuna yana kore ba. Saboda haka kada mu kashe kuɗin ƙungiya muna neman gindin ƙanƙara. Abin da ya kamata mu duba shi ne ciwo da irin ƙasarmu.

1. Raf lemon, wato babban lemun tsami mai kaushin ɓawo. Yana girma da sauri, yana jure fari da jigawa. Amma inda ruwa ke kwanciya, ciwon ƙaro yakan ruɓar da gindinsa. Lemun da aka aura masa kuma yakan yi kaurin ɓawo da ƙarancin zaƙi.

2. Kiliyobatira, wani ƙaramin tanjarin. Yana da nawa a wurin reno, yana kuma jinkirin haihuwa, amma 'ya'yansa da daɗi, itacen kuma yana daɗewa.

3. Karizo, Turoya da Suwingil. Sun fi raf lemon jure ciwon ƙaro, suna ba da lemu mai zaƙi. Ba sa son ƙasa mai kanwa ko farar ƙasa. In an sami ƙwayarsu daga hannu mai aminci, a gwada kaɗan tukuna.

4. Lemun ɗaci. Wannan mu guje shi. Ciwon tiristeza, wanda darɓa ke yaɗawa, ya kashe miliyoyin lemun zaƙi da aka aura wa lemun ɗaci a Ajantina da Barazil daga shekarun 1930. Ciwon yana nan a Afirka ta Yamma.

ƘWAYA ZA MU NEMA, BA DASHE BA

Akwai wani ciwo kuma mai sa ganye ya yi rawaya, 'ya'ya su karkace su yi ɗaci. Irinsa na Afirka ya fi son tuddai masu sanyi kamar namu, ƙwaron da ke ɗaukarsa kuma yana nan a Kamaru, maƙwabciyar Mambila. Ba shi da magani. Hanya mafi sauƙi da irin waɗannan cututtuka ke shiga gari ita ce dashe ko reshen da wani ya ɗauko daga nesa. Tiristeza kuwa ba ta bin ƙwaya. Don haka mu shuka namu gindi da kanmu.

Wurin farko da za mu tambaya shi ne malamin gona na yankinmu. Na biyu, Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1975, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Na uku, tsofaffin itatuwan da muka san asalinsu. Sau da yawa a lambun makaranta ko na asibitin mishan za a ga lemun da samansa ya mutu, gindin ya toho ya zama raf lemon. In yana da lafiya, malamin gona kuma ya tabbatar da irinsa, to, ga ƙwaya kyauta. Iri daga ƙasar waje kuwa ba a shigo da shi sai da takardar izinin hukumar da ke tsare shigowar cututtukan shuka. Busasshiyar ƙwaya ta kasuwa, wadda ba a san uwarta ba, mu bar ta.

YADDA ZA MU CIRE ƘWAYA

Ƙwayar lemu ba kamar dawa ba ce da za a shanya a zuba a rumbu. In ta bushe ƙarau ta mutu. Shi ya sa ya fi kyau a ɗauko lemun ɗungum, a fasa a gida.

1. A tsinko nunannun 'ya'ya daga kan itace. Kada a tsinci na ƙasa, gama suna ɗauke da ciwon ƙaro.
2. A zaga ɓawon da wuƙa sama-sama, a murɗa ya rabu biyu, don kada a yanke ƙwaya.
3. A wanke har santsi ya fita. Waɗanda suka taso kan ruwa da shafaffu a zubar.
4. In akwai ma'aunin zafi, a jiƙa a ruwa mai digiri 52 minti 10. Ma'aunin zazzaɓi na asibiti ba ya kaiwa nan. In babu, kada a yi da ka, don ruwan da ya zarce zai dafa ƙwayar.
5. A baza a inuwa har ruwan jikinta ya tsane kawai, sa'an nan a shuka.

In dole sai an ajiye, a ɗaure a leda, a rubuta sunan irin da ranar, a sa a ƙasan firji, ba wurin ƙanƙara ba.

SHUKA

Ƙwayar lemu tana son ƙasa mai ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30. Ƙasa da digiri 13 ba ta motsi. Saboda haka a kan tudu kada mu shuka a tsakiyar hunturu, sai in za mu rufe fangalin da farar leda. Mu jira ɗumin watan Maris. Zurfin rami ya zama gaɓar yatsa guda. In muna bukatar gindi 100, mu shuka ƙwaya 200.

Kada mu yi mamaki in ƙwaya ɗaya ta fid da tsiro biyu ko uku. Yawancinsu kamannin uwar suke ɗaukowa sak. Wanda ganyensa ya bambanta, da tsumburarre, da mai lanƙwasasshiyar saiwa, mu tuge su ba tausayi. Sa'ad da kara ya kai kaurin fensir, a yi aure wajen taƙi guda daga ƙasa, da ido daga itace mai lafiya. A ƙasar sanyi wannan yakan kai shekara ko fiye.

SHAWARARMU

Kowace ƙungiya ta keɓe gindi 3 ko 4 na kowane iri, kada a yi musu aure. A dasa su a filin ekklesiya, a kewaye saboda awaki, a rubuta sunansu a littafin ƙungiya, a ɗora wa mutum ɗaya kula da su. Bayan 'yan shekaru za mu riƙa cire sabuwar ƙwaya a ƙofar gida, har mu ba maƙwabta. A taron ƙungiya na wannan wata, a zaɓi wanda zai je wurin malamin gona.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.