Sayen tayar babur: Daɗewa ba ita kaɗai ce ma'auni ba

Duk mai sayar da kayan babur a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san tambayar da ake fara yi masa idan an zo sayen taya: "Wacce ta fi daɗewa?" Sai ta biyu ta biyo baya: "Nawa za ka bari?" Da wuya ka ji wanda ya tambayi wacce ta fi kama ƙasa idan an taka birki, ko wacce ba ta zamewa a kwana bayan an ɗauke ruwan sama.

Ba na ganin laifin masu tambayar. Harkar ƙera taya a Najeriya ta durƙushe tun lokacin da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi sahu a Ikeja a 2008. Tayoyin da baburanmu ke takawa daga waje ake shigo da su, galibi daga Indiya da Sin da sauran ƙasashen Asiya, don haka farashinsu na bin dala sau da ƙafa. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, ɗan acaɓa ya wayi gari yana lissafin mai da taya da kuɗin balas a aljihu ɗaya. Mutumin da ke cikin wannan hali dole ya so tayar da za ta kai shi wata damina. Sai dai wannan buri, in aka bi shi ido rufe, yana iya sa a sayi tayar da za ta daɗe fiye da mai ita.

Dalilin yana cikin robar kanta. Masu ƙera taya suna haɗa roba da sinadarai iri-iri, kuma kowane haɗi yana da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa. Roba mai tauri tana jimre gogar kwalta, ba ta saurin suɗewa, amma ba ta lafewa a jikin hanya sosai, musamman idan hanyar ta jiƙe. Roba mai laushi tana kama ƙasa kamar an liƙa ta, amma tana cinyewa da wuri. Manyan kamfanoni sun rage wannan tazara da dabaru, kamar ƙara sinadarin silika ko yin tsakiyar taya da roba mai tauri, gefunanta da mai laushi, amma irin waɗannan ba su ne suka cika shagunanmu ba. A matakin kuɗin da yawancinmu ke saye, duk tayar da aka yi maka kirarin "ba ta cinyewa", to ka san akwai abin da ta rage maka a wani wajen. Ka tuna kuma wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa bai kai tafin hannu ba. A kan wannan ɗan fili ne nauyin babur da na direba da na wanda aka goya da buhun masara suka dogara.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a auna tayar gaba da ta baya da mudu ɗaya. Ta baya ita ke turo babur, ita ke ɗaukar mafi yawan kaya, ita ce kuma ke riga ƙarewa. Nan ne neman daɗewa ke da ma'ana. Ta gaba aikinta daban: ita ke juya babur, kuma idan aka kama birki nauyi kan komo kanta, har ya zama mafi yawan ƙarfin tsayawa daga gare ta yake fitowa. Tayar baya in ta zame, gwani kan iya saita kansa. Ta gaba in ta zame, kafin a ce kwabo mutum yana ƙasa. Amma abin da ake yi a gari akasin haka ne: a sa sabuwa a baya, a bar ta gaba shekara da shekaru don "ai zanenta bai goge ba", alhali robar ta bushe ta tsattsage kamar faso. Idan an faɗi sai a ce tsautsayi ne. Tsautsayi gaskiya ne, amma wani tsautsayin a shagon taya aka saye shi.

Tambayar da ta kamaci a fara da ita ita ce: wace hanya wannan babur ya fi bi? Yankinmu hanya biyu gare shi. Akwai kwaltar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta iso Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 60, ta zarce Ƙanƙara, da titunan cikin gari da 'yan acaɓa ke jigilar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Akwai kuma hanyoyin karkara, na burji da rairayi da kwazazzabai, waɗanda manoma da masu kai kaya kasuwa da 'yan noman rani na bakin madatsar ruwa ta Zobe ke bi kullum. Wanda aikinsa a kwalta yake, taya mai zanen layuka a gaba da mai matsattsen zane a baya ta fi masa: tana tafiya lami lafiya, kan babur ba ya rawa, tana kuma kore ruwa daga ƙarƙashinta. Wanda ke ratsa yashi da laka yana buƙatar mai manyan haƙora masu tazara, waɗanda ke cizon ƙasa su kuma zubar da taɓon da ya maƙale. Wannan mai haƙoran dai, idan aka ɗora ta kan kwalta mai zafi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ta riƙa gurnani tana cinyewa, kuma a jiƙaƙƙen titi ba ta da riƙo, domin ƙwanƙolin haƙoran kaɗai ke taɓa hanya. Mafi yawanmu hanyoyin biyu muke haɗawa, don haka mai matsakaicin zane ita ce sulhu. Sai mutum ya yi wa kansa gaskiya game da inda ya fi yawan bi, ba inda yake zuwa sau ɗaya a wata ba.

Sauran bayanan a jikin tayar suke a rubuce, abin takaici ma har masu ilimin cikinmu ba su cika duba su ba. Akwai girma, kamar 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya, wanda aka saba gani a ƙaramin Bajaj Boxer: lambar farko faɗin taya ce a inci, ta biyu kuma girman rim. Samari kan so su cusa mai faɗi fiye da ƙima don ta yi kwarjini. Idan rim ɗin ya yi mata kaɗan sai ta tsuke, siffarta ta canza, babur ya riƙa faɗawa kwana ba shiri, wani lokaci ma ta riƙa gogar murfin sarƙa. Akwai kuma lamba da harafi, misali 50P. Lamba 50 na nufin tayar na iya ɗaukar kilo 190, lamba 47 kilo 175, lamba 41 kilo 145, harafin P kuma gudun da bai wuce kilomita 150 a awa ba. Gudun bai dame mu ba, nauyin ne abin lura. A lissafa direba da fasinja biyu da kaya, a tuna yawancin nauyin a baya yake sauka. Dokar tsaro da gwamnatin Jihar Katsina ta kafa a 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta hana hawa babur mutum uku. An yi ta ne don matsalar 'yan bindiga, amma ko tayar aka tambaya abin da za ta ce ke nan. Alamar 4PR ko 6PR ko 8PR kuma ƙarfin jikin taya take nunawa. Mai ɗaukar kaya ya nemi mai lamba babba a baya. A gaba kuwa taurin da ya yi yawa kan sa taya ta riƙa tsalle a kan burji mai gargada maimakon ta bi ƙasa.

Sai shekaru. A gefen yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 1223, to a mako na 12 na 2023 aka yi ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira, Michelin kuma na shawartar a riƙa kai ta a duba duk shekara bayan ta cika biyar, kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Duk wanda ka bi a cikinsu, darasin shi ne roba na tsufa ko ba a hau ta ba, kuma rana na gaggauta tsufan. Tayar da aka rataye a ƙofar shago ta sha ranar bazara biyu sunanta kawai sabuwa. Ka sa a kware ledar ka ga lambar kafin ka biya. Game da ta gwanjo kuwa, dokar shigo da kaya ta Najeriya ta haramta shigo da tayoyin da aka yi amfani da su, in ban da wasu na manyan motoci, kuma ko ba doka, ba ka san ramin da ta faɗa ba kafin ta iso hannunka.

To ina mai neman daɗewa zai samo ta? A wurin mai faci, ba a shago ba. Babu abin da ke cin taya kamar rashin daidaiton iska. Idan ta yi ƙasa, jikin taya na lanƙwashewa a kowane juyi, ya yi zafi, gefuna su cinye, babur ya ƙara shan mai, kuma rami kaɗan ya isa rim ya tsinke tiyub. Idan ta yi yawa, tsakiya kaɗai ke taɓa ƙasa, ta suɗe a bar gefuna sababbi, riƙon ma ya ragu. A ƙananan babura irin Boxer, ma'aunin kan kasance wajen 25 a gaba, 28 a baya, a kai 32 idan akwai goyo, kuma kowane babur na da nasa a littafinsa. Amma masu faci da yawa da ɗan yatsa ko bugun sifana suke aunawa, kuma an fi zuwa wurinsu da rana tsaka taya na da zafi, lokacin da iskar ciki ta kumbura. Da safe ake aunawa, kafin a yi nisa. Gejin iska na hannu ba shi da tsada sosai. Da kowace tashar 'yan acaɓa za ta ajiye guda a hannun shugabanta, da an ga bambanci kafin shekara ta zagayo.

Idan ana son a san wacce ta fi araha da gaske, a raba kuɗinta da watannin da ta yi tana aiki, a haɗa da kuɗin faci da ranakun da aka rasa aiki. Ɗan acaɓan da ya rubuta ranar da ya sa taya a bangon ɗakinsa ya fi mai shago sanin gaskiyarta. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. A wannan yanki da matsalar tsaro ta sa kowa ke son magariba ta same shi a gida, taya ta sace a tsakanin ƙauyuka da yamma ba ƙaramin tashin hankali ba ne, kuma suɗaɗɗiyar taya ko ƙayar aduwa tana huda ta.

Lokacin canji ma tayar kan faɗa da kanta. A cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu ƙanana, ana nuna wurinsu a gefe da haruffan TWI ko ɗan alwatika. Ranar da zanen ya yi daidai da su, aikinta ya ƙare. Masu yawan bin miƙaƙƙiyar hanyar Katsina su lura da tsakiyar ta baya, domin takan baje ta yi kusurwa, sai babur ya riƙa turjewa kafin ya kwanta a kwana. Idan an zo sa sabuwa, a sa mata sabon tiyub daidai girmanta, a duba robar da ke rufe kawunan wayoyin rim, a bi kibiyar da ke nuna inda za ta riƙa juyawa, domin ana yawan ɗaura ta a baibai. Sabuwar taya tana da santsi a fatarta, don haka kilomita 100 na farko a bi su a hankali, musamman idan a watan Agusta aka sa ta.