MAƊIGAR JINJIRI DA WUYANSHI: ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU DUBA

Jinjiri ba ya magana. Ba ya iya cewa ga inda ke yi mashi ciwo. Amma kanshi da wuyanshi suna nuna lafiyarshi, in uwa ta san abin da za ta duba. Yau za mu yi bayani bisa maɗiga da wuya, don mu san ranar da za mu kwantar da hankali, da ranar da za mu ruga likita.

MECE CE MAƊIGA?

Ƙoƙon kan jinjiri ƙasusuwa ne da yawa waɗanda ba su gama haɗewa ba. Allah ya yi shi haka don kan ya samu wucewa wajen haifuwa, kuma ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma. Wurin nan mai taushi a tsakar kai shi ne maɗiga. Kowane jinjiri da ita ake haifuwarshi. Ga yawancin yara tana rufewa da kanta tsakanin wata 12 da wata 18.

Maɗiga mai lafiya a shimfiɗe take, daidai da sauran kai. Tana ɗan motsi tare da bugun zuciya. In yaro yana kuka takan ɗan taso, in ya yi shiru ta koma. Saboda haka a duba ta lokacin da yaro ya natsu, an zaunar da shi bisa cinya.

IN MAƊIGA TA FAƊA

A garuruwanmu, in maɗiga ta yi rami, sai a ce ciwon kai ne ya kama yaro. A dama magani a liƙa mashi a tsakar kai. Wasu ma har su kai shi wajen wanzami. Alhali ciwon yana can cikin ciki.

Ku dubi rijiya da bazara. In ruwan ƙasa ya ja baya, rijiya sai ta yi zurfi. Haka jikin yaro yake. Zawo da amai suna fitar da ruwan jikinshi. In ruwan ya ragu, maɗiga ta faɗa, idanu su zurma, baki ya bushe, fitsari ya ragu. In an tsunkuli fatar cikinshi aka saki, ba ta komawa da sauri. Maganin da aka liƙa a kai ba ya maida ruwan da ya fita. Ta baki ruwan zai koma.

Ga abin da za a yi:

1. A ci gaba da ba shi nono, har fiye da kullum. Zawo ba dalili ba ne na hana nono.

2. A dama garin SRO da ake samu a likita, ƙunshi 1 cikin litar 1 ta ruwa mai tsabta. In babu shi, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litar 1. Kada a cika gishiri.

3. A ba shi da cokali, kaɗan kaɗan, bayan kowane zawo. In ya yi amai, a dakata minti 10, a sake ba shi sannu a hankali.

4. A karɓo ƙwayar zinki wajen malamin likita. Ana ba da ita kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya.

Wannan taimakon farko ne. Yaron da maɗigarshi ta riga ta faɗa, a kai shi likita a ranar, ana tafe ana ba shi ruwan. In ya kasa tsotson nono, ko jikinshi ya saki, ko akwai jini cikin zawon, ko dare ne a tashi.

IN MAƊIGA TA KUMBURA

Wannan ya fi na farko gaggawa. In maɗiga ta taso ta yi tauri, yaro kuwa ba kuka yake ba, ga jiki da zafi, to a ji tsoron sanƙarau.

Ƙasarmu ta san sanƙarau. Ya fi yawa daga lokacin ɗari zuwa bazara, sa'ad da iska ke bushe, ƙura ta yi yawa. A shekarar 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu, kuma Yamai da Doso sun sha wuya ƙwarai. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 ya ɓulla a jihar Damagaram.

Ga babban mutum, kowa ya san alamar: wuya ya sanƙare. To, a lura da kyau: ga jinjiri, sau da yawa wuyan ba ya sanƙarewa. Mai jiran ya ga wuya ya ƙage, ya makara. Alamomin jinjiri su ne masassara, ƙin nono, kuka mai ƙara wanda rarrashi ba ya tsaida shi, barcin da ba a iya tashinshi, jijjiga, da kumburin maɗiga. Ba sai duka sun haɗu ba.

Sanƙarau yana iya kashe yaro cikin kwana 1 ko 2. Wanda aka makara da shi, ko ya tashi, yana iya kurumcewa ko hankalinshi ya taɓu. Amma likita na da allurar da ke warkar da shi in an zo da wuri. Kada a tsaya turare, ko tsaga, ko sayen ƙwaya wajen mai tebur.

Akwai kuma rigakafi. Allurorin da ake yi ma jinjiri a sati 6, sati 10 da sati 14 suna kare shi daga wasu ƙwayoyin cuta masu kawo sanƙarau. An fara babban rigakafin sanƙarau iri A a ƙasarmu cikin 2010. Uwa ta adana karnen yaro, ta tambayi ungozoma ranar komawa.

KAN DA KE GIRMA DA SAURI

Ranar haifuwa, kewayen kan jinjiri wajen santimita 35 ne. In ya shekara, yakan kai wajen 46. Shi ya sa ake zagaya mashi zaren awo a kai. Wani yaron, ruwa ne ke taruwa cikin kanshi. Kan ya yi ta girma, maɗiga ta yi faɗi, jijiyoyi su fito, idanu su riƙa duban ƙasa. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba laifin uwa ba ne. Kada a ɓoye yaron cikin ɗaki. Akwai likitocin da ke aikin fitar da ruwan a babban asibitin Yamai. Malamin likitar garinku shi ne zai rubuta takardar zuwa gaba.

KARKATACCEN WUYA

Wani jinjirin kullum gefe guda yake maida kai. Wani sa'in, sati 2 zuwa 4 bayan haifuwa, uwa ta ji ɗan ƙullutu a gefen wuyanshi. Naman wuyan ne ya ɗaure a gefe ɗaya. In babu masassara, kuma yana shan nono, abin bai kai na tashin hankali ba. Yawanci yana warwarewa cikin watanni, in an kula tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nuna shi ga likita, a koya ma uwa yadda za ta motsa wuyan a hankali. A ba shi nonon dama da na hagu. In an goya shi, yau kunci ɗaya bisa baya, gobe ɗayan. In zai yi barci, a kwantar da shi rigingine. In idonshi biyu, a ɗan kifa shi bisa tabarma, ana kallonshi, don wuya ya yi ƙarfi. Kada a murɗe wuyan da ƙarfi, kada a tsaga ƙullutun.

Jinjiri yakan fara riƙe kanshi wajen wata 3 zuwa 4. Kafin nan, a tallabe kan duk lokacin da aka ɗauke shi. Kada a girgiza jinjiri, ko cikin wasa, ko cikin fushi. In ya wuce wata 4 kan na lanƙwashewa, a gaya ma ungozoma ranar awo.

KIRA GA MASU GIDA

Uwa ce ke fara ganin alama, amma sau da yawa sai ta jira izinin maigida. Shi kuwa yana gona, ko kasuwa, ko ya tafi cin rani. Malam, ka ba da izinin tun yau. Ka gaya ma iyalinka: in maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, a tafi likita, kada a jira ni. Ka ajiye ɗan kuɗin moto ko na amalanke. Ku kuma kakanni, maganarku ake ji cikin gida. In kun ce a tafi, babu mai tsayawa.

Wanda ya karanta wannan a ajin yaƙi da jahilci, ya karanta ma maƙwabtanshi da ba su fara karatu ba. Allah ya raya mana ɗiyanmu.