Wayar malam a darasin zane: faɗakarwa ga makarantun Jega, Aliero da Maiyama

Darasin al'adu da fasahar zane yana cikin tsarin karatun firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, amma a makarantunmu da yawa ya koma kwafar rubutu. Malam ya rubuta a allo cewa launuka na asali uku ne, ja da shuɗi da rawaya, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa, alhali babu wanda ya taɓa cuɗa shuɗi da rawaya ya ga kore ya fito da idonsa. Ba lalacin malamai ba ne. Fenti da burushi da kwali duk kuɗi ne, aji kuma cike yake maƙil.

Babbar wayar da ke aljihun malam za ta iya rage wannan giɓi, in an san abin da ake nema a cikinta. Kunna wa yara bidiyon wani bature yana zane a YouTube kallo ne kawai, su yi tafi su tashi. Abin da ke koyarwa shi ne manhajar da yaro zai taɓa da yatsarsa ta amsa masa. Irinsu ibis Paint X da Sketchbook ana sauke su kyauta, kuma da zarar sun shiga waya ana zane da su ko babu data.

Ga yadda darasi ɗaya zai iya tafiya. Malam ya shiga kasuwar Jega, wadda sunanta ya yi nisa tun ƙarni na 19, ya nemi izinin mai sayar da faifai ya ɗauki hoton guda ɗaya daga sama. A aji sai ya buɗe hoton a manhaja, ya dusashe shi, ya ɗora wani shafi marar komai a kansa. Yarinya ta bi zagayen faifan da yatsa, tana bin inda jan kaba ya shiga da inda ya fita. In ta gama, malam ya ɓoye hoton, layukanta kaɗai su rage. A nan ne ajin zai ga cewa adon da suke gani kullum a kan ƙwaryar fura yana da lissafi: siffa ɗaya ce ake maimaitawa a tazara ɗaya har a zagayo. Wani ya zo ya mayar da ja shuɗi, wani ya gwada baƙi, a yi gardama a kan wanda ya fi kyau. In hannu ya kauce, akwai maɓallin komawa baya. Wannan maɓalli, a ganina, shi ne babban amfanin abin, domin yaron da ke da takarda ɗaya tak tsoron ɓata ta yake yi, mai tsoro kuwa ba ya gwada sabon abu.

Akwai kuma ma'aunin madubi a cikin manhajojin nan: ka zana gefe ɗaya, ɗaya gefen ya fito da kansa. Da shi ake saurin fahimtar da yara yadda ake ƙulla dagi, ko yadda adon hula ke daidaita hagu da dama. Amma fa kada darasin ya ƙare a gilashin waya. Minti goma a waya, sauran lokacin a koma takarda da fensir, ko ƙasa da tsinke, kowa ya sake zanen ba tare da madubin ba. Da ma waya ɗaya ba za ta ishi aji ba sai an raba yara rukuni-rukuni, ana miƙa ta bi da bi.

A Aliero ba sai an je nesa neman abin zanawa ba, ga albasa nan. A yanka albasa gida biyu a ajiye a tebur, a ɗauki hotonta, a faɗaɗa shi da yatsu biyu har yara su ga zobe cikin zobe, da yadda launin ke tashi daga fari zuwa jaja-jaja. Garin yana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, kuma ɗaliban da suka iya kwamfuta ba su da wuyar samu a can. Shugaban makarantar da ya roƙi biyu ko uku su zauna da malamansa wuni ɗaya bai yi asara ba. A ƙauyukan Maiyama da sabis ke wahala, malam ya sauke manhaja da hotuna ran da ya shigo gari, ya tura wa abokan aikinsa ta Xender ko Bluetooth.

Iyaye da dama a ƙasar Gwandu suna ɗari-ɗari da darasin zane saboda batun surar abu mai rai, kuma bai kamata malami ya yi watsi da wannan damuwa ba. Fagen da ya rage yana da faɗi ƙwarai: zayyanar allo da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, aska takwas a wuyan babbar riga, aikin dukawa, sassaƙar ƙwarya, lalle, adon bangon soro. Intanet ma tana da irin wannan. A 2022 dandalin Google Arts & Culture ya fitar da shafuka sama da 40,000 na tsofaffin littattafan Tambutu ta ƙasar Mali, ana iya faɗaɗa shafi a ga tafiyar alƙalami da adon gefensa. Almajirin da ya saba da tawada zai gane abin da yake kallo tun kafin a yi masa bayani.

Sai a yi hattara da wasu abubuwa. Wasu manhajojin kyauta suna jefo talla, wata ba ta dace da idon yara ba, don haka a kashe data kafin a miƙa musu waya. In za a tura aikin ɗalibai a zauren WhatsApp na malamai ko iyaye, zanen za a ɗauka, ban da fuskar yaro da cikakken sunansa. Mai sana'ar da aka ɗauki hoton kayanta a faɗa wa yara ko wace ce da garinsu, in da hali ma a gayyato ta aji. Yanzu kuma akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto da zarar an rubuta musu jimla ɗaya. Ɗan sakandare zai iya kawo irin wannan a matsayin aikin gida, shi ya sa ya fi kyau malam ya ba da maki a kan abin da aka zana a gabansa.

Kada kuma a jingina darasi kacokan a kan manhaja ɗaya. Malamai a ƙasashe da yawa sun saba da farin allon Jamboard na Google, inda ɗalibai ke zane tare daga wayoyi daban-daban, sai kamfanin ya rufe shi a ƙarshen 2024. Duk zanen da yaro ya gama a ajiye shi a matsayin hoto a katin waya, a rubuta aji da zango a jikinsa, na takarda kuma a tara su a kwali ɗaya a ofishin hedimasta, domin malamin da zai karɓi ajin baɗi ya ga inda aka tsaya.