Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Gwada Ƙarfin Guringuntsi da Ƙashi

Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwan gwiwar ɗan Adam kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma a kowane taku yana ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Shi ne farin abin nan mai sheƙi da santsi da ake gani a bakin ƙashi idan mahauci ya raba gaɓar ƙafar saniya. Babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa idan ya zaizaye ba ya komawa da kansa yadda ƙashi ke haɗewa bayan ɗori. Tun a 1743 masanin sassan jiki William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya warkewa.

Likitoci ba su haƙura ba. A shekarun 1980, Richard Steadman na Amurka ya fito da dabarar huda ƙananan ramuka a ƙashin da ke ƙarƙashin raunin, domin jini da ɓargo su tsattsafo su cike gurbin. A 1994 kuma, Mats Brittberg da Lars Peterson da abokan aikinsu a Suwidin suka wallafa sakamakon wata hanyar: a ɗebi ƙwayoyin guringuntsin majinyaci, a raine su a ɗakin gwaji, a mayar masa da su. Gurbin kan cika, har ya yi fari fes. Sai dai gani ba ci ba ne. Abin da huda ke tsirarwa yawanci ya fi kama da naman tabo, kuma bayan 'yan shekaru yakan fara sarewa. Ido ba ya iya tantance wannan, dole sai an danna an ji.

Na'urar da ke wannan aiki ba ta da wani kwarjini. Ginshiƙan ƙarfe ne biyu a tsaye, da wata gada a tsakaninsu wadda inji ke saukarwa a hankali, wani lokaci ƙasa da kaurin gashi a cikin daƙiƙa. A jikin gadar akwai ma'aunin nauyi, wato guntun ƙarfe da aka manna wa siririyar waya. Da zarar ƙarfen ya ɗan lanƙwasa, wutar da ke bi ta wayar sai ta sauya, kwamfuta kuma ta mayar da sauyin zuwa lissafi. Abu biyu kawai take rubutawa: ƙarfin da aka sa, da yawan lotsawar da abin ya yi. Fitacciya a cikin irin waɗannan na'urori ita ce ta kamfanin Instron, wanda Harold Hindman da George Burr suka kafa a 1946 a yankin Boston. Asalin aikinsu ma ba na asibiti ba ne, zaren laimar dirowa daga jirgin sama suke gwadawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Gwajin guringuntsi yana son haƙuri. Ana yanko ɗan faifai mai faɗin 'yan milimitoci, a tsoma shi cikin ruwan gishiri don kada ya bushe, sannan a danne shi. Kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na guringuntsi ruwa ne, don haka halinsa na soso ne mai matsattsun ƙofofi. A farkon danna, ruwan bai samu hanyar fita ba, shi ke ɗaukar sama da kashi 90 na nauyin. Sannu a hankali yake tsiyaya, har nauyin ya koma kan tsokar guringuntsin kanta, kuma kafin lissafin na'urar ya tsaya cak ana iya shafe sa'a guda ko fiye. Van Mow da abokan aikinsa ne suka tsara lissafin wannan hali a 1980. Tsiron da ba shi da inganci a nan yake tona kansa: ruwa na zurara daga cikinsa da wuri, ya lotsa tun ba a je ko'ina ba. Idan ba a son yanka, akwai ɗan sanda mai zagayayyen baki da ake latsa wurare daban-daban na gaɓar da shi, a kwatanta sabon tsiro da tsohon da ke gefensa.

Ƙashi kuwa ba a lallaɓa shi. Taurin guringuntsi lafiyayye yana kusan 0.5 zuwa 1 a ma'aunin megafaskal, na ɓawon ƙashin cinya kuma ya kai wajen 17,000. Ana ɗora ƙashin a kan matokara biyu, a danna tsakiyarsa har ya ce ƙaras, ko a kama bakinsa biyu a murɗa shi har ya tsage. Da yake gwajin yana lalata abin da aka gwada, galibi a kan dabbobi ake yin sa: zomaye, tumaki, awaki, da dawaki, waɗanda kaurin guringuntsinsu ya fi kusa da na mutum. Ƙafar dabbar da ba a taɓa ba ita ce ma'aunin da ake kwatanta wadda aka gyara da ita.

Wurin da ya fi ba masu bincike ciwon kai shi ne iyakar da sabo ya haɗu da tsoho. Don gwada ta, ana yanko zobe na tsohon guringuntsi da sabon a tsakiyarsa, a tura tsakiyar da sanda har ta fice, a rubuta ƙarfin da aka sa kafin haɗin ya rabu.