Ɗalibar Tsara Tufafi: Tsakanin Aji, Karofi da Hidimar Unguwa

Duk wanda ya taɓa jiran ɗinkin Sallah ya san darajar tela. A goman ƙarshe na azumi shagunan ɗinki ba sa barci: janareto na ruri, kekuna na ƙara, masu kaya sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, kowa na roƙon a taimaka a gama masa nasa. Amma duk da wannan daraja, ranar da yarinya ta ce wa iyayenta ɗinki take so ta karanta a babbar makaranta, abin da takan fara ji shi ne, "Ɗinkin ma sai an je makaranta? Ga shagon wane nan a bakin layi." Tambayar tana da tushe, domin tun kaka da kakanni a gaban maigida ake koyon wannan sana'a. Shi ya sa ya dace a duba abin da ɗalibar tsara tufafi ke yi a shekarun karatunta, a ga me take ƙarawa a kan gadon da ta tarar.

Abin da ake koya a aji

A Najeriya ana karanta tsara tufafi da fasahar ɗinki a kwalejojin kimiyya da fasaha, irin su ta Kaduna da ta Jihar Kano, bisa manhajar hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta kuma tana Kaduna. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan babbar difloma wasu shekara biyun. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, akwai sashen da ake karanta zanen yadi da rini da saƙa har zuwa digiri. Maza na shiga, amma a yawancin azuzuwan mata sun fi yawa.

Darasin da ya fi wahalar da sabuwar ɗaliba shi ne fitar da riga a kan takarda kafin a taɓa yadi. Za ta ɗauki tef ta auna abokiyar karatunta: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, kwankwaso, zagayen damtse, tsawon hannu. Sai ta shimfiɗa faffaɗar takarda mai ruwan ƙasa a kan tebur, ta raba awon ƙirji gida huɗu, tunda a ninke ake yanka gaba da baya, ta ƙara 'yar sararawa don mai riga ta iya numfashi da ɗaga hannu, ta bar rabin inci na bakin ɗinki. Da lanƙwasasshiyar rula take zana hammata. Kan hannun riga dole ya ɗara zagayen hammatar da ɗan kaɗan, a shigar da rarar a hankali har ta zauna ba tare da tattara ba. Ba a kan atamfar mutane ake gwada wannan ba. A kan akoko mai araha ake fara ɗinkawa, a rataya wa mutum-mutumi. Idan malama ta ga ƙyallen ya ja a hammata ko wuya ya buɗe baki, cewa za ta yi, "Koma kan takardarki." A farke, a gyara layin, a sake yanka.

Telan unguwa ba ya wannan dogon zagaye. Shi da alli yake zana kai tsaye a kan yadi, idonsa ne ma'auninsa, kuma a cikinsu akwai gwanayen da ba a kama ƙafarsu. Sai dai gwanintarsa a kansa take zaune: ran da ba ya nan, yaransa ba za su iya fitar da rigar daidai da tasa ba. Takardar ɗaliba kuwa ana ajiye ta, a ƙara mata girma ko a rage bisa lissafi, a ɗinka riguna masu yawa iri ɗaya sak, ko wa ya hau keken. A nan bambancin yake. Da wannan takarda ake ɗinka kayan makaranta, kayan ma'aikatan asibiti da kayan da ake ratayewa a kanti mutum ya saya ya saka nan take.

Akwai kuma darasin sanin yadi. Ɗaliba kan zare ɗan zare daga bakin yadi ta kai shi kan wuta. Idan auduga ce, sai ta ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Idan roba ce, sai ta narke ta dunƙule ta yi tauri. Siliki na gaske kuwa ƙaurin gashi yake yi. Wadda ta san wannan ba za a sayar mata da roba da sunan auduga ba, kuma ta san dalilin da ya sa wani yadi ke dafa mutum a zafin bazara. Tana koyon cewa auduga na tsukewa a wankin farko, kuma yanka a bisa tsayin zare daban yake da yanka a karkace, wanda ke sa siket ya zuba. Ga zanen sura da fensir, ga tarihin sutura, ga zane a kwamfuta da manhajoji irin su CorelDRAW.

Darasin da na fi ba muhimmanci shi ne lissafin kasuwanci. Ɗaliba na koyon ƙirga kuɗin zare, shafi, zif, gam, man janareto, hayar shago da awoyin da aiki zai ci, kafin ta yanke farashi. Saɓa alƙawarin da ake zargin teloli da shi, yawanci daga rashin wannan lissafi yake tasowa: a karɓi kayan da suka fi ƙarfin kwanakin da suka rage, saboda kunyar cewa a'a. Wadda ta san adadin rigunan da hannunta ke iya gamawa a mako, ta san ranar da za ta daina karɓar ɗinkin Sallah.

Gadon da ta tarar

Aji kaɗai ba ya fitar da gwani, kuma tsarin karatun ya san da haka. Shirin SIWES, wanda asusun ITF ya ɓullo da shi a shekarun 1970, yana tura ɗalibin ƙaramar difloma wajen masu sana'a na tsawon wata huɗu. A can ɗaliba ke komawa yarinyar shago: ta share ƙyallaye, ta yi guga, ta sa maɓalli, ta ce "Oga" ko "Anti" da ladabi, ta ga yadda ake rarrashin uwar amarya idan anko ya makara.

Mai hankali a cikin ɗaliban ba ta tsayawa a shagon zamani. Ƙasar nan ta daɗe tana tufatar da wasu ƙasashe. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, kuma tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi mai sheƙi, wanda Buzaye ke naɗawa. Zariya kuma ta shahara da ɗinkin hannu na babbar riga: aska biyu, aska takwas, malum-malum, aikin da kan ɗauki watanni.

A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ɗaliba kan tsuguna a bakin karofi ta ga abin da littafi ya gaya mata da idonta. An haɗa baba da toka da kanwa a ruwa, an bar su sun ruɓa sun nuna. Ta riga ta ɗaure farin yadinta da zare, ƙulli-ƙulli, a wuraren da take so su zauna fari. Marini ya tsoma, ya matse, ya ɗaga. Yadin yana fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi, a gaban idonta ya rikiɗe ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagawa, har launin ya kai duhun da ake so. Ita ta san cewa iskar ce ke juya sinadarin ya kama zare. Dattijon marinin kuma, da kallon kumfa da shinshina ruwan, ya san ko karofin ya nuna. Idan ta ce, "Baba, yaya ake gane ya isa?" amsar da za ta samu ba ta cikin manhaja. Daga nan sai wajen masu bugu, inda ake dukan yadin a kan gungume har ya yi sheƙi.

Daga irin wannan zirga-zirga ake samun aikin kammala karatu mai ma'ana. A shekarar ƙarshe kowace ɗaliba kan zaɓi jigo, ta cika littafi da zane da guntayen yadi, ta ɗinka jerin tufafi, ta nuna su a gaban malamai, ta kare dalilin kowane layi. Wata kan ɗauko zanen aska daga ƙirjin babbar riga ta ƙanƙanta shi a wuyan doguwar rigar mata. Wata ta yi wa abaya baki da saƙi. Wata ta tattara ƙyallayen da shaguna ke zubarwa ta harhaɗa jaka da murfin matashi. Wata kuma ta lura cewa rigar kakanninmu daga miƙaƙƙun ƙwaryoyin saƙi ake haɗa ta, kusan ba a zubar da komai, sai ta gina yankanta a kan wannan dabara. Babban ƙalubalen da ke gabansu duka shi ne fitar da sutura mai rufe jiki, mai shan iska, mai kyau kuma, wadda mace za ta shiga da ita ofis ko gidan biki hankalinta kwance.

Akwai wanda ya nuna cewa wannan hanya na kaiwa nesa. Alphadi na Jamhuriyar Nijar ya gina sunansa a kan kayan gargajiyar yankin Sahel, ya kafa bikin nunin tufafi na FIMA a 1998 a hamadar da ke kusa da Agadas, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta naɗa shi cikin masu fasaharta na zaman lafiya. Amma dole a faɗi yanayin da ɗalibar yau ke aiki a ciki. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, kuma masaƙu da dama a Kaduna da Kano sun bi bayanta. Yawancin yadin da ke cike da kasuwar Kantin Kwari ta Kano daga waje yake zuwa, musamman daga Sin, ga gwanjo na karya farashi. Saboda haka duk rigar da ɗaliba ta ɗinka da rinin gida ko saƙin gida, aiki ta samar wa marini da masaƙi da mai bugu.

Hidimar unguwa

Ɓangare na uku ba a ba shi maki da yawa, amma shi ne ke nuna irin telar da za ta zama. Ɗalibai da yawa kan ware ranar Asabar ko lokacin hutu su koyar da zawarawa da marayu da 'yan matan da karatu ya yanke musu. A zaure ko ajin Islamiyya, keke ɗaya ko biyu, mata sun zagaye shi. Darasin farko ba a ma sa zare: a ba mace takarda mai layi, ta taka keke, allura ta bi layin tana hudawa, har ƙafa da hannu su saba da juna. Matar da ta isa ta haife ta tana kiranta "Malama", ita kuma tana cewa, "Inna, a sassauta ƙafa, kar a ja yadin, keken ne zai ja da kansa." Ranar da wannan baiwar Allah ta ɗinka wa ɗanta wandon makaranta da hannunta, an rage mata roƙo ɗaya a duniya.

Wasu kan ɗinka kayan Sallah su kai gidajen marayu. Wasu na ɗinka ƙyallen al'ada mai wankuwa, mai ruɓi na auduga, su koya wa 'yan mata ɗinka shi da tsaftace shi, domin rashinsa na sa wasu fashin makaranta duk wata. A 2020, lokacin annobar korona, teloli da ɗalibai ne suka wadata unguwanni da takunkumin yadi. A Maiduguri kuma an ga yadda ɗinkin hula ya riƙe gidajen 'yan gudun hijira masu yawa.

Ita ma ɗalibar tana ƙaruwa, domin a nan take haɗuwa da jikin mutane na gaske, wanda ba irin na mutum-mutumin aji ba. Mai zama a keken guragu na buƙatar wando mai tsawon baya, marar kauri a inda ake zama. Mai shayarwa na son buɗi a ƙirji wanda ba zai tona ta ba. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya sa maɓalli, sai a yi masa rigar da hannu ɗaya zai rufe. Wadda ta warware waɗannan matsaloli ta fahimci cewa don mai sawa ake ɗinki.

Sai dai aikin sa kai amana ne. Koyarwar kwana biyu da ɗaukar hoto a watsa a Facebook ba ta mayar da kowa tela. Wanda aka fara koya wa, a kai shi har ya iya aunawa, ya yanka, ya haɗa, ya yanke farashi, sannan a taya shi neman keke, ko da na karo-karo ne ko adashe. Hoton maraya ko bazawara kuma ba a yaɗa shi sai da yardarsu.

Kira

Iyaye su daina ɗaukar wannan karatu a matsayin mafakar wadda ta rasa gurbi a wani fanni. Lissafi ne da kimiyya da fasaha, kuma sana'a ce da mace ke iya riƙewa daga cikin ɗakinta. Makarantu su gayyato marina da maɗinka hannu su koyar a aji, a biya su haƙƙinsu kamar kowane malami, tun dattawan suna raye. Masu shaguna su saki hannu su koyar da ɗaliban da aka turo musu, kada su mayar da su 'yan aike. Masu hali, keken ɗinki ɗaya a hannun wadda ta iya ya fi buhunan rabon da ke ƙarewa a mako. Mu kuma masu kai ɗinki, mu kai kaya a kan lokaci, mu biya kuɗin aiki yadda ya dace, kuma idan za mu yi sabon ɗinki bana, mu sa rinin gida ko saƙin gida a cikin lissafi.