Tumbi Ba Shaidar Arziki Ba Ne: Labarina Tsakanin Treichville Da Adjamé

Duk wanda ya zauna a Abidjan ya san tashar jirgin ruwa ta Treichville, inda jiragen kamfanin SOTRA ke kwasar mutane suna tsallakar da su zuwa Plateau. A nan ne asirina ya tonu. Wata safiya na ɗan yi sauri don kada jirgi ya bar ni, tafiyar da ba ta kai taku hamsin ba, sai numfashi ya sarƙe mini, na zauna a ƙasa ina haki. Wani yaro ya riƙe mini jaka yana cewa, "Sannu Baba." A lokacin ban cika shekara 45 ba.

A cibiyar masu ciwon sukari ta INSP da ke Adjamé aka auna ni: kilo 118, jini ya hau, sukari na bakin ƙofa. Likita bai ce in koma kamar sanda ba. Cewa ya yi ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina na sauke, jini da sukari za su fara saukowa. Wannan lissafi ya shige ni, domin ɗan kasuwa ya san riba kaɗan-kaɗan take taruwa.

Na zauna na yi wa cikina lissafi kamar yadda nake yi wa shago. Da safe shayi mai madarar gwangwani da burodi. Da rana garba, wato acheke da soyayyen kifi da 'yan'uwanmu 'yan Nijar suka shahara da sayarwa, a kwarara mai a kai. Da yamma aloko. Ga lemon kwalba uku ko huɗu, saboda duk baƙon da ya zo shago sai na taya shi sha. Ashe gwangwani ɗaya na Coca-Cola yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin giram 50 a wuni. Ban bar garba ba, mai karatu, ba zan yi maka ƙarya ba. Rabi nake ci, na hana a zuba mai, lemo kuma ya koma ruwa. Idan na sauka a Plateau, sai in taka da ƙafa zuwa Adjamé maimakon shiga woro-woro.

Amma yunwa ba ita ce babbar jarrabawa ba, bakin mutane ne. Da na sauke kilo 20, babbar riga ta soma yi mini yawa, sai raɗe-raɗi ya tashi a layinmu. Wasu suka ce jari ya karye, wasu suka ce ciwon zamani ne. Wani dillali da muka shekara goma muna hulɗa ya ƙi ba ni atamfa bashi. A kasuwa, inda amana ita ce jari, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma har na yi tunanin in mayar da tumbina in huta. Da na je gida Maraɗi, Inna ta dube ni ta fashe da kuka, sai da na nuna mata takardar asibiti ƙanena ya karanta mata.

Shekara biyu ke nan, ina kan kilo 89. Na kai riguna shida wurin tela ya rage. Dillalin nan ya dawo da kansa, kuma a makon jiya shi ne ya ja ni gefe bayan sallar Azahar, yana tambaya a hankali ko a ina ake yin awon.